KUƊIN AJIYAR HAYA: HAƘURI NE KO TSORO?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya saukar da Littafi da ma'auni domin mutane su tsayu da adalci. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.), wanda mutanen Makka suka yi wa laƙabi da Al-Amin tun kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

 Akwai wata magana da ba ta da nauyi a bakin mutanen zango, wato “na bar shi da Allah.” Idan aka cuci mutum a kasuwa ya faɗe ta, idan aka danne masa lada a wurin aiki ya faɗe ta, masu sauraro kuma su ce madalla da wannan bawan Allah mai haƙuri. Abin da nake so mu tattauna a wannan fitowa shi ne: shin duk wanda ya furta wannan magana haƙuri ya yi? Zan ɗora tambayar a kan wata mas'ala da 'yan'uwanmu masu neman halaliya a ƙasar Katar suka sani sarai, wato kuɗin ajiyar da ɗan haya yake bai wa mai gida, wanda ranar tashi ake zaftare shi da sunan gyara.

YADDA ABIN YAKE FARUWA

Abu Hamur unguwa ce a kudu maso yammacin tsakiyar birnin Doha. Da wuya a sami ɗan zangon da ya je aiki Katar bai taka ta ba, domin a nan ofishin gwajin lafiyar baƙi yake, inda ake ɗibar jini a ɗauki hoton ƙirji kafin a ba mutum takardar zama. Makarantun 'ya'yan baƙi sun yawaita a cikinta, musamman na Indiyawa, shi ya sa masu iyali suke yawan neman haya a wurin. Fiye da kashi 80 cikin 100 na mazauna Katar baƙi ne, kuma baƙo a can ko dai kamfaninsa ya ba shi makwanci, ko kuwa ya kama haya da aljihunsa.

Al'adar haya a can ita ce mutum ya rubuta wa mai gida cek na kowane wata tun daga farko, sannan ya ƙara da kuɗin ajiya, galibi daidai da hayar wata guda. Dokar haya ta ƙasar, wato Doka mai Lamba 4 ta shekarar 2008, ta hana mai gida ya karɓi ajiyar da ta wuce hayar wata biyu a gidan zama. Ta kuma wajabta a rubuta yarjejeniya, mai gida ya yi mata rajista a ofishin Baladiyya, ta ɗora masa gyaran da ya zama dole domin gida ya ci gaba da zaunuwa.

To, mu ƙaddara wani ɗan'uwa direba ya kama ɗaki a kan riyal 2,000 a wata, ya ba da ajiyar riyal 2,000. Ya zauna shekara uku bai taɓa latti da haya ba. Ranar da ya miƙa mabuɗi sai aka ce ya dawo bayan mako biyu. Da ya dawo aka miƙo masa takarda: fenti riyal 800, gyaran na'urar sanyaya ɗaki 500, shara da wanki 300, famfo 150. Abin da ya rage 250. Babu rasit ko ɗaya, ga shi kuma jirginsa jibi zai tashi. Domin mu san nauyin abin, mafi ƙarancin albashin da Katar ta tsayar a dokar 2020, wadda ta fara aiki a watan Maris na 2021, riyal 1,000 ne a wata, ban da 500 na makwanci da 300 na abinci. Ashe ajiyar nan gumin wata biyu ce ga ƙaramin ma'aikaci, kuma kimanin dalar Amurka 550 ce. A Nima ko Aboabo wannan jari ne da uwa za ta kafa sana'a da shi.

Adalci ya sa in faɗa cewa masu gidaje da yawa suna mayar da ajiya cif-cif. Sau da dama ma wanda ke zaftarewar ba shi ne ainihin mai ginin ba, wani baƙo ne da ya kama gidan gaba ɗaya ya yayyanka shi ɗaki-ɗaki yana ba da haya, kuma yana iya zama Musulmi, yana iya ma zama ɗan gida. Saboda haka maganarmu a kan hali take, ko a jikin wa aka same shi.

KUƊIN NA WANE NE?

A takardun haya na Larabci ana kiran wannan kuɗi da suna ta'amin. Ɗalibin Larabci zai gane cewa asalin kalmar haruffa uku ne: hamza da mimun da nunun. Daga wannan saiwa ne aka sami amana, aka sami aminci, aka sami imani da mumini, aka sami Al-Amin. Sunan kuɗin da kansa ya faɗi hukuncinsa. An ba da shi ne domin zuciyar mai gida ta aminta cewa idan an yi masa ɓarna yana da abin kamawa. Ba a ba shi kyauta ba, ba kuma ƙarin haya ba ne.

Abin da ya fi kusa da shi a fiƙihu shi ne jingina, wadda Allah Ya ambata a aya ta 283 ta Suratul Baƙara, kuma a cikin wannan aya ɗin Ya umarci wanda aka amince wa da ya mayar da amanarsa. Malamai sun tafi a kan cewa jingina ba ta fitar da abu daga mallakar mai shi. Wanda ya jinginar da gonarsa, gonar tana nan tasa. Haka kuɗin ajiya yake: ko ya shekara goma a akwatin mai gida, dukiyar ɗan haya ce, kuma ba ya halatta a taɓa ko riyal ɗaya daga ciki sai da haƙƙi tabbatacce.

Mu tuna abin da ya faru daren Hijira. Mutanen Makka sun yi shirin kashe Manzon Allah (S.A.W.), amma duk da haka ajiyoyinsu a hannunsa suke. Malaman tarihi sun ruwaito cewa ya bar Sayyidina Aliyu (R.A.) a baya domin ya mayar wa kowa kayansa. Idan ƙiyayyar mai ajiya ba ta halatta cin ajiyarsa ba, ina ga rauninsa da baƙuncinsa?

AMANA TA BIYU

Sai dai kada ɗan haya ya ɗauka amana a wuyan mai gida kaɗai take. Ɗakin ma amana ne a hannunsa. Amanoni biyu ne suka yi musaya: wannan ya riƙe kuɗin wancan, wancan ya riƙe ginin wannan. Tambayar ita ce, yaushe ne ɗan haya zai yi ramuwa?

A cikin Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 386 bayan Hijira, littafin da iyayenmu suka karanta a zaurukan zango, an bayyana cewa wanda ya yi hayar wani abu ba ya ramuwa idan abin ya lalace a hannunsa, kuma ana gaskata shi sai in ƙaryarsa ta bayyana. Ƙa'idar da malamai suka gina a kai ita ce, hannun mai haya hannun amana ne, ba ya biya sai da ɗayan abu biyu: ƙetare iyaka ko sakaci.

A nan ne ya kamata mu rarrabe tsakanin tsufa da ɓarna. Fentin da ya koɗe bayan shekara uku a ƙasar da zafin bazara yake wuce digiri 40, wannan tsufa ne. Famfon da robarsa ta cinye saboda buɗewa da rufewa, tsufa ne. Na'urar da ta gaji domin shekarunta sun ja, tsufa ne. Kuɗin hayar da ake biya wata-wata ai farashin wannan amfani ne, mai gida ya riga ya karɓa. Hausawa suna cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya karɓi hayar wata 36, sannan ya ce ɗan haya ya sabunta masa gida daga ajiyarsa, ya sayar da abu ɗaya sau biyu. Amma ƙofar da aka ɓalle, da tagar da yaro ya fasa, da bangon da aka huhhuda babu izini, da kuɗin wuta da ruwa na Kahramaa da aka bari ba a biya ba, waɗannan suna kan ɗan haya, kuma ɓoye su ha'inci ne ko mai gida bai gani ba.

Sannan wa zai kawo hujja? Shari'a ta ɗora hujja a kan mai da'awa, rantsuwa kuma a kan mai musu. Mai gidan da ya ce an yi masa ɓarna shi ne mai da'awa, don haka shi zai nuna yadda ɗakin yake da farko, da abin da ya lalace, da abin da aka kashe. Matsalar ita ce kuɗin yana hannunsa, sai ya zama shi ne mai ƙara, shi ne shaida, shi ne alƙali. Malaman fiƙihu sun hango wannan tun da daɗewa, shi ya sa suka halatta a ajiye jingina a hannun wani amintacce na uku. Ingila ta bi makamanciyar wannan hanya tun daga watan Afrilu na 2007, inda doka ta tilasta wa masu gidaje su sa kuɗin ajiya ƙarƙashin kariyar hukumomin da gwamnati ta amince da su, idan aka yi saɓani wani na dabam ya duba hujjoji ya raba.

YAFEWA KO NEMAN HAƘƘI?

Yanzu mu dawo kan tambayarmu. Ɗan'uwa ya tabbata an zalunce shi. Wanne ya fi kusa da taƙawa, ya yi shiru ko ya yi magana?

Masu cewa a yi shiru suna da hujjoji, kuma bai kamata mu raina su ba. Suna cewa Alƙur'ani ya yabi masu haɗiye fushi da masu yafiya, kuma haƙuri maganin zaman duniya ne. Suna cewa baƙo raɓa ne, bai kamata ya ja da 'yan gari ba. Suna cewa abin da aka ci maka a duniya ajiya ce mafi tsada a lahira, domin hadisi ya tabbata a Sahihu Muslim cewa matsiyaci na haƙiƙa shi ne wanda zai zo da salla da azumi da zakka, amma ya ci dukiyar wannan ya zagi wancan, a yi ta ɗibar ladansa ana biyan mutane har ya ƙare. Duk wannan gaskiya ne.

Amma mu duba Suratush Shura daga aya ta 39 zuwa ta 43. A wuri guda Allah Ya yabi muminai da cewa suna kare kansu idan aka zalunce su, Ya ɗauke laifi daga wanda ya nemi haƙƙinsa bayan an cuce shi, sannan Ya ɗaukaka wanda ya yi haƙuri ya yafe. Malaman tafsiri sun haɗa ayoyin da cewa yafiya abar yabo ce idan ta zo daga mai iko kuma ta haifar da gyara, neman haƙƙi kuma shi ya fi idan yafiyar za ta ƙara wa azzalumi ƙarfin gwiwa. Manzon Allah (S.A.W.) ya yafe wa mutanen Makka ne a shekara ta 8 bayan Hijira, ranar da garin yake hannunsa.

Saboda haka shiru iri uku ne. Akwai shirun wanda yake da hujja da hanya da lokaci, ya duba ya ga mai gidan talaka ne ko kuskure ya yi, ya ce na yafe domin Allah. Wannan sadaka ce, ladansa yana wurin Ubangijinsa. Akwai shirun wanda aka toshe wa kowace hanya, takardar zamansa ta ƙare, jirgi yana jira. Wannan ba shi da laifi, kuma addu'ar wanda aka zalunta ba ta da shamaki. Sai na uku, shirun wanda hanya take buɗe a gabansa, amma tsoro ko kasala ko jin kunya suka hana shi, sai ya ɗauko sunan Allah ya lulluɓe rauninsa da shi. Alamarsa ita ce bakinsa yana cewa ya bar wa Allah, zuciyarsa kuwa tana tafasa, ya shekara yana zagin mai gidan a majalisa. Wannan bai yafe ba, bai kuma nema ba, ya yi asarar kuɗin ya yi asarar ladan.

Akwai kuma wani abu da muke mantawa. Kyauta ba ta inganta sai daga abin da mutum ya mallaka shi kaɗai. Kuɗin nan wataƙila na makarantar ƙanwarka ne, ko na maganin mahaifiyarka, ko bashin da aka ci aka yi maka biza. Sannan mai zaftare ajiya yana yi ne domin ya gwada ya ga babu mai tankawa. Duk ɗan hayar da ya tafi shiru ya koya masa cewa sana'ar tana ci, kuma wanda zai shiga ɗakin bayanka shi zai biya. Kana da ikon yafe naka, amma ba ka da ikon yafe na wanda zai zo. Manzon Allah (S.A.W.) ya umarce mu da taimakon ɗan'uwa ko shi ne azzalumi, ya kuma fassara taimakon azzalumi da hana shi zalunci. Ashe wanda ya tsaya ya nemi rasit, mai gidan ma ya taimaka.

Wani zai ce, ai jayayya a kan kuɗi zubar da girma ne. To ga abin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira (R.A.): wani mutum ya zo yana bin Annabi (S.A.W.) bashin raƙumi, ya kausasa harshe har sahabbai suka yunƙura, sai Annabi ya hana su, ya nuna musu cewa mai haƙƙi yana da damar magana, ya kuma sa aka biya shi da raƙumin da ya fi nasa. Idan fiyayyen halitta bai toshe bakin mai bin sa bashi ba, wane ne zai ce neman haƙƙi rashin ladabi ne?

LADUBBAN NEMAN HAƘƘI

Na farko, rigakafi ya fi magani. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Kada ka shiga ɗaki sai da yarjejeniya a rubuce da rasit na ajiya. Ranar shiga ka ɗauki hoton kowane bango da famfo da na'ura da wayarka, ka aika wa mai gida domin kwanan wata ya zauna. Ranar fita ku duba ɗakin tare.

Na biyu, ka fara da kanka. Lissafa abin da ka san kai ka lalata, ka faɗa tun ba a tambaye ka ba. Annabi (S.A.W.) ya gargaɗi wanda ya fi abokin shari'arsa iya baki har aka yanke masa abin da ba nasa ba, cewa yankin wuta aka yanka masa. Wannan gargaɗi ya hau kan ɗan haya kamar yadda ya hau kan mai gida.

Na uku, kada ka rama ha'inci da ha'inci. Wasu sukan ƙi biyan hayar watan ƙarshe ba tare da yardar mai gida ba, wasu su lalata wani abu da gangan. Hadisi ya hana ka ha'inci wanda ya ha'ince ka. Kuma ka sani a Katar ba da cek ɗin da babu kuɗi a bayansa laifi ne da ake hukuntawa a kotu.

Na huɗu, ka bi matakai. Ka yi magana da taushi, ka nemi lissafi a rubuce da rasit na kowane gyara. In ya ƙi, ka sa dattijo ko limami ya shiga tsakani, domin sulhu alheri ne. In abin ya faskara, dokar 2008 ta kafa Kwamitin Warware Rikicin Haya a ƙarƙashin ma'aikatar Baladiyya, wanda alƙali yake shugabanta, kuma ƙofarsa a buɗe take ga baƙo da ɗan ƙasa. Ka fara wannan tun da sauran lokaci, domin a bari ya huce shi ke kawo rabon wani.

Na biyar, kada mu bar ɗan'uwa shi kaɗai. Kafin Annabci wani ɗan kasuwa daga ƙasar Yaman ya sayar wa Asi ɗan Wa'ilu kaya a Makka, ya hana shi kuɗinsa domin ya ga baƙo ne. Mutumin ya ɗaga murya ya kai kuka, sai wasu gidajen Ƙuraishawa suka taru a gidan Abdullahi ɗan Jud'ana suka yi alƙawarin tsaya wa duk wanda aka zalunta, suka karɓo masa haƙƙinsa. Wannan shi ne Hilful Fuduli. Annabi (S.A.W.) ya halarta yana saurayi, ya kuma yabe shi bayan zuwan Musulunci. Da baƙon nan ya ce na bar shi da Allah ya hau raƙuminsa, da ba a ƙulla wannan alƙawari ba. Mai iya Larabci a cikinmu ya karanta wa ɗan'uwansa yarjejeniya kafin ya sa hannu, ya raka shi ofis. Wanda tafiya ta kama shi ya wakilta amintacce a rubuce.

WAIWAYE ADON TAFIYA

Kada mu ƙare magana a Doha mu manta da gida. A nan Ghana dokar haya ta 1963 ta hana karɓar kuɗin gaba da ya wuce na wata shida, amma wane ne bai san ana neman na shekara biyu ba, har a Mamobi da Sabon Zango da zangon Kumasi? Ɗan haya ya gyara rufin da ke yoyo da kuɗinsa, a ƙi cire masa. Ya tashi kafin wa'adi, a ce sai an sami wani ya shiga kafin a ba shi ragowarsa. Da yawa daga masu gidajen nan iyayenmu ne da yayyenmu, gobe kuma mu ne za mu gada. Suratul Muɗaffifin ta yi narko ga mutanen da suke cika mudu idan za su karɓa, su tauye idan za su bayar. Wanda yake kuka da mai gidan Abu Hamur alhali gidansu yana danne ragowar kuɗin ɗan haya, ya duba mudunsa.

Zango kuwa da amana aka gina shi. Fataken goro da na shanu da suka riƙa zuwa Salaga da Kumasi a gidan maigida suke sauka, shi yake ba su masauki, ya nemo musu masu saye, ya tsaya musu a kan bashi, ya riƙe musu kuɗi har su dawo. Babu banki, babu kotu a kusa, jarinsa duka sunansa ne, kuma maigidan da ya ci amanar baƙo sau ɗaya ayari ba ya ƙara sauka a ƙofarsa. Wannan ne gadonmu, ya kamata mu riƙe shi a matsayin masu gida, mu kuma neme shi ba tare da tsoro ba a matsayin 'yan haya.

Allah Ya tsare mu daga cin haƙƙin wani, Ya ba mu ƙarfin zuciyar neman namu ta hanyar da Ya yarda, Ya sa idan mun yafe mu yafe domin Shi. Allah Ya kare 'yan'uwanmu da suke ƙasashen waje, Ya dawo da su gida lafiya da halaliyarsu. Abin da yake daidai daga Allah ne, kuma Shi ne Mafi sani.